Ranar da Muka Sa Inji Cikin Rijiya

Ku masu foraj kuna zuwa da mota, ku kafa ƙarfe, ku huda ƙasa kwana biyu, ku ɗauki hoto ku tafi. Shi ya sa in an ce muku wane maginin rijiya ne sai ku ɗauka mutum ne da ya rasa abin yi ya kama tonon rami. Ɗayanku ya taɓa ce mini a gaban mutane, nan unguwar Zariya ta Maraɗi, wai ko jaki aka ba diga zai kai ga ruwa. Ga amsar nan na rubuta, da irin rubutun wanda ya bar lakwal a aji biyar. Wanda ya ga kuskure ya gyara wa kansa.

Rijiyata ta farko a Jiratawa ce, cikin garkar wani mai albasa. Can ruwa kusa yake, gaba uku ko huɗu ka same shi. Gaba ita ce tsawon hannuwanka biyu in ka ware su, da ita muke awo. Maigidana Baba Nomau ya sa na shekara guda ina jan guga kafin ya bar ni na taɓa diga. Kayan aikin ba su da yawa: diga mai gajeren ƙota, felu, guga, igiya biyu, kura mai juya igiya da ake ratayawa a ƙafa uku ta ƙarfe, da mul, wato zoben ƙarfen da ake zuba siminti a bayansa. Ka haƙa tsawon mul ɗaya, ka ɗaura rodi, ka zuba, ka jira ya kama, ka sake haƙawa a ƙarƙashinsa. In ka kai ga ruwa sai a sauko da buz, zoben siminti mai huji-huji, kana kwashe rairayi a ƙarƙashinsa yana nutsewa da kansa. Nan ne aikin yake. Ruwa na shigowa, ana kwashewa da guga, kai kuma kana tsaye cikinsa kana tono.

Doka uku Baba Nomau ya ba ni, kuma da mari ya ba ni su. Ta ɗaya, kowace safiya a saukar da fitila mai wuta har ƙasa. In ta mutu, iskar ramin ta ɓaci, ba mai shiga sai an ɗaura reshen bedi, wato dogon yaro, a igiya an yi ta kaɗa shi sama da ƙasa. Ta biyu, igiyar ƙirji ba a kwance ta. Ta uku, na ƙasa ba ya shiru. Na sama aikinsa ya yi ta tsokanarsa, na ƙasa ya yi ta ramawa. Ba wasa ba ne. Da muryar mutum ake sanin lafiyarsa. In amsa ta fara nauyi, ko ya ba ka amsar da ba ta dace da zagin ba, ja shi kawai, kada ka tambaye shi.

Saboda wannan doka ta uku na ɗauki Ɗan Jimma abokin aiki. Taubashina ne, ɗan gwaggona da ke aure Tsibiri, kuma bakinsa ba ya mutuwa. In ina ƙasa sai ya leƙo ya ce wai yau ya ga Bakatsine a inda ya dace da shi. In shi ke ƙasa in ce masa ya yi sauri, matarsa Rabi ta aiko a ce ta samu wanda ya fi shi tsawo. Shekara goma sha ɗaya muna haka, rana ɗaya ni, rana ɗaya shi.

Aikin mishan ya same mu ne ta hannun wani tsohon Bature da ake kira Malam Garba. Ya daɗe a ƙasar nan har Hausarsa ta fi ta wasu ƴan birni. Su aikinsu wa'azin addinin Almasihu, kuma ba su ɓoye ba. Suna gina rijiya a ƙauye, in an tashi hutun rana Malam Garba ya buɗe Linjila a gindin itace, mai so ya zauna, mu kuma mu shimfiɗa buhun siminti mu yi azahar. Bai taɓa ce mini in bar sallah ba, ban taɓa ce masa ya rufe littafinsa ba. A gari kuwa ba abin da ban ji ba. An ce na sai da addinina, an ce ruwan da nake fitarwa an yi masa karatu. Masu faɗin haka har yau da shi suke alwala.

Na ga zuwan baƙinsu da yawa. Duk iri ɗaya suke sauka: fuska ja, ƙaramin littafi a aljihu da gaisuwa a ciki, sati na farko gudawa, sati na biyu zazzaɓi. Mu ke sa musu suna, don nasu ba ya faɗuwa. Amma ciwon da ya fi damunsu ba na ciki ba ne. Kowannensu ya baro mutanen cocinsu can sun yi masa rakiya da addu'a, suna jiran wasiƙa. Yana so tun watan farko ya samu abin rubutawa gida. Malam Garba ya san wannan, shi ya sa yake hana sabon zuwa taɓa komai sai ya yi wata shida yana zaune yana gaida mutane.

Wanda ya sauka ran Laraba muka sa masa Balarabe. Ɗan Jimma ne ya raɗa, ya ce ko ba komai a samu Balarabe ɗaya a coci. Dogo ne, mai tabarau, zai yi shekara talatin da ɗoriya, makanike ne a ƙasarsu. Ba shi da Hausa sai sannu da na gode. Faransancinsa gurgu, nawa ma gurgu, da su muke lallaɓawa. Ya zo da akwatin katako babba. Da aka buɗe sai ga injin ban ruwa sabo fil, mai shan isansi, wato fetur, mutanen cocinsu suka haɗa hannu suka saya. Har sunayensu sun rubuta a jikinsa da farin fenti.

A shekarar nan bazara ta yi tsawo, ruwa ya gudu ƙasa ko'ina. Muna kan wata rijiya a wani ƙauye arewa da Tsibiri, gaba goma sha biyu, mun kai ga ruwa, mun sa buz biyu, na uku ya ƙi nutsewa. Idon ruwan mai ƙarfi ne. Maza shida na jan guga amma da an rage sai ya dawo, ba ka samun tono sai na ɗan lokaci. In ba a ƙara zurfi ba, rijiyar za ta ƙafe baɗi war haka. Matan ƙauyen kuwa tun asuba suke tafiya wani gari ɗibar ruwa. Ana cikin haka aka kira Malam Garba Yamai kan maganar takardu. Ya tafi ya bar Balarabe, kwanansa tara a ƙasar nan, ya ce masa ya bi mu ya yi kallo kawai.

Kwana biyu ya yi kallo. Na uku ya zo da injin a bayan mota kat-kat.

Injin irin wannan ba ya zuƙo ruwa daga nesa, gaba huɗu iyakarsa. Na Jiratawa suna ajiye shi a bakin rami don ramin gajere ne. A nan dole a rataya shi cikin rijiyar, kusa da ruwa. Balarabe ya zana mini a ƙasa da tsinke: katako, igiya biyu, inji a kai, tiyo ɗaya ƙasa, ɗaya sama. Zanen ya yi kyau. Ni dai hankalina bai kwanta ba, ban kuma san dalilin da zan faɗa ba. Na ce masa a'a, sau ɗaya, a hankali. Bai ma gane a'a ba ce, ya ɗauka ban fahimci zanen ba, ya sake zanawa.

Kafin nan gari ya taru. Mai gari ya zo da kujerarsa, liman ya tsaya nesa kaɗan da carbi, shi da ma bai so rijiyar Nasara ba. Mai gari ya tambayi abin da ake jira, aka faɗa masa. Ya dube ni ya ce, "Sanda, baƙo ya ɗauko abu tun daga bayan teku domin mu, kai ka ce masa a'a a ƙofar gidana? Ko tsoro kake inji ya ƙwace maka sana'a?"

Aka yi dariya. Wannan dariyar ce ta sa inji cikin rijiyar, ba Balarabe ba.

Muka rataya shi gaba uku sama da ruwa. Ɗan Jimma ya sauka ya ja igiyar tayarwa ya fito. Ruwa ya ɓulɓulo ta tiyo kamar cinyar mutum, mata suka yi guɗa, suka jera kwanoni da robobi. Balarabe na ta murna yana ɗaukar hoto. Ni na kunna fitila na saukar. Na ce a raina in ta mutu na samu hujja, kowa ya gani da idonsa. Ta wuce injin, ta kai bakin ruwa, tana ci lafiya lau. Na bar ta can na ƙirga ɗari. Na jawo ta tana ci.

Ranar tawa ce ta shiga rami. Amma ni kaɗai ke iya magana da Balarabe, in wani abu ya taso a sama ba mai fassara. Ɗan Jimma ya ɗaura igiyar ƙirji ya ce in zauna in yi ta tafinta, da ma tun ina yaro hannuna bai son laka. Ya sauka.

Sai da ya kai ƙasa na gane abin da muka yi. Ƙarar injin cikin rami ta cika ko'ina. Na leƙa na zage shi, ban ji komai ba. Ko ni ban ji muryata ba. Doka ta uku ta tafi, kuma ban tsayar da aikin ba, don guga ta fara fitowa cike da rairayi, buz na nutsewa, abin da muka yi kwana goma muna nema. Guga ta ɗaya, ta biyu, har ta biyar. Ta shida ta zo rabi. Ta bakwai ta sauka, ba a girgiza igiya ba.

Na ja igiyar ƙirji. Ta taho ba nauyi. Ashe tana sarƙewa da katakon injin, ya kwance ta.

Rana ta kusa tsaka. Na karɓi madubi na haska ƙasa, hayaƙi shuɗi ya tare, amma na hango shi zaune ya jingina da buz, kansa a karkace. Lissafin da ke gabana guda biyu ne, duk ba daɗi. In injin ya ci gaba, hayaƙi zai ƙarasa shi. In an kashe injin, ruwa zai dawo, kuma na san gudun ruwan nan: daga gwiwa zuwa ƙirjin mutum a tsaye, kafin a idar da sallar raka'a huɗu. Shi kuwa a zaune yake. Makashin ma yana jikin injin, can ƙasa.

Ina wannan tunani na ga Balarabe ya cire takalmi ya kama igiyar kura, ƙafarsa ɗaya har ta shiga baki. Ba igiya a ƙirjinsa, ba komai. Haka rijiya ke cin mutum uku a rana ɗaya: na biyu ya bi na farko, na uku ya bi na biyu. Ban da lokacin neman Faransanci. Na cafko shi ta wuya na maka shi da ƙasa, tabaransa ya fashe, leɓensa ya tsage. Wani dogarin mai gari ya yo kaina, liman ne ya ɗaga masa hannu.

Na durƙusa na ce wa Balarabe, da Faransancin da ya samu, in ya shiga gawa biyu zan fitar, kuma ta ɗan'uwana zan fara ɗauka. Na nuna agogon hannunsa. Na ce in na shiga, da siririn hannun nan na daƙiƙa ya zagaya sau ɗaya ya ce wa mutanen nan su ja, ko na girgiza igiya ko ban girgiza ba, ko ina roƙonsa ya bari. Na faɗa masa kalmar: ja. Ya maimaita da jini a baki.

Na ce wa matan nan duk ruwan da suka tara su juye shi kan injin. Kwano wajen ashirin suka antaya. Ya yi tari ya mutu. Aka kaɗa reshen bedi sau biyar ko shida, ba lokacin fiye da haka. Na ɗaura igiya, na riƙe wata a hannu, na cika ƙirji, na ce su sake ni da gudu.

Wajen wucewa kafaɗata ta gogi bututun hayaƙin, ban ji zafin ba sai daga baya. Na dira cikin ruwa. Ya kai masa haɓa. Idonsa a buɗe, fuskarsa ba alamar wahala, digar na kan cinyarsa. Na zura igiya ta hammatarsa, jikinsa santsi da laka, nauyi kamar buhun siminti da ya jiƙe. Na zagayo da ita, na fara ƙulli, yatsuna sun zama kamar na wani. Sai na ji muryar Balarabe daga sama, ƙarama, da harshen da bai iya ba. Aka fizge ni, ƙullin bai ƙullu ba.

Da na fito na zage shi da Hausa, na ce ya yi gaggawa. Bai ji ba, ya dai nuna mini agogo. Na miƙe, kaina na sarawa kamar ana buga mul da guduma. Mai gari ya ce a samu wani ya shiga. Na duba mazan da ke riƙe da igiya, duk manoma, ba wanda ya taɓa sauka gaba biyu. Na ja numfashi goma na ce a sake ni.

Karo na biyu ruwa ya rufe masa baki, yana taɓa hanci. Na tallafe haɓarsa da gwiwata, na laluba igiyar cikin ruwa, na ƙulla da haƙori da hannu ɗaya. Ban san ko ta ƙullu ba aka ja ni. Fitowata ban tuna ba. An ce ina isa baki na ce su ja ɗayar, na faɗi.

Da na farfaɗo Ɗan Jimma na kwance a rairayi ba ya numfashi, Balarabe na kansa yana danna ƙirjinsa yana hura masa iska baki da baki. Mutane suka fara gunaguni, wani ya ce Nasara na zuƙe masa kurwa. Liman ya matso har gabansu ya tsaya ya ce kowa ya yi shiru. An daɗe. Sai Ɗan Jimma ya yi wani irin ƙara ya amayo ruwa da laka.

A likita nan Maraɗi ne aka yi mana bayani. Hayaƙin inji ba ya kashe fitila. Iskar da wuta ke ci tana nan, guba ce ta gauraya da ita, ba ta wari sosai, tana shiga jini ta sa mutum barci. Baba Nomau bai koya mini wannan ba don a zamaninsa ba mai sa inji cikin rami. Balarabe kuma ya sani. Ya faɗa mini da bakinsa cewa a ƙasarsu ko yaro ya san ba a tada mota a rufaffen gareji. Ya ce bai taɓa tunanin rijiya ɗaki ba ce, tunda samanta a buɗe yake.

Ɗan Jimma ya rayu. Amma ƙafarsa ta dama jan ta yake, hannunsa ba ya riƙe moɗa sai ta zube, in ka faɗa masa abu da safe da hantsi ya tafi. Bai ƙara shiga rami ba. Rijiyar ni na ƙarasa ta da guga, sati uku, da wani da ban saba da bakinsa ba. Balarabe ya shekara bakwai a ƙasar nan daga baya, ya iya Hausa, amma a lokacin ya haɗa kayansa zai koma. Malam Garba ya ce masa ko zai tafi sai ya fara zuwa gidan Ɗan Jimma.

Ni na raka shi Tsibiri. Ɗan Jimma na zaune a tabarma ƙofar ɗaki, ya yi mana murmushi kamar baƙin da ya taɓa gani a kasuwa. Rabi na bakin murhu, ba ta taso ba. Balarabe ya cire takalmi ya durƙusa a ƙasa, ba a tabarma ba. Ya fito da ɗan littafinsa, ya rubuto magana ya haddace, amma bai buɗe ba. Ya ce, "Ni ne. Ku yafe mini."

Rabi ta daɗe tana tura kara cikin wuta. Da ta yi magana ba shi ta duba ba.

"Ka ce mishi na yafe. Jiya ya zo ƙasar, bai san komi ba, abin kirki ya so yi. Kai hwa, Sanda? Shekara nawa kana cikin rami? An ce ka ce a'a. Sau nawa ka ce? Kuma ranar wa ce ta shiga?"

Ɗan Jimma na kallonmu ɗaya bayan ɗaya yana murmushi.

Balarabe ya juyo ya tambaye ni abin da ta ce. Na ce ta ce ta yafe masa. Ya ce ai ya ji maganar da tsawo.

Na ce sauran ba nasa ba ne.